An ba Baba gado sau uku a shekara guda: ina gyaran yake?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 76. Yana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma likitoci sun ce zuciyarsa ta yi rauni. A cikin shekara guda an ba shi gado sau uku a babban asibiti, kuma duk dawowar da ya yi gida sai mu ga ƙarfinsa ya ƙara raguwa. Akwai asibitin sha-ka-tafi a unguwarmu, amma ba ma kai shi domin muna ganin ciwonsa ya fi ƙarfinsu. Likita, me za mu yi mu rage wannan kwanciya?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi. Ban duba shi da kaina ba, saboda haka ba zan canza masa magani ko ɗaya daga nan ba, amma labarin da ka bayar na san shi sarai, domin da wuya mako ya wuce ban ga irinsa ba a aikina na likitan iyali.

Ɗan'uwa, daren da kuka ɗauki Baba a mota yana haki ba shi ne farkon rashin lafiyar ba. Ga mai raunin zuciya, ruwa yakan fara taruwa a jiki kwanaki da dama, wani lokaci makonni biyu, kafin numfashi ya sarƙe. Da fari takalminsa zai matse shi, sai ya nemi a ƙara masa matashi domin ba ya iya kwanciya a miƙe, sai ya fara tsayawa ya huta a hanyar masallacin da a da yake zuwa ba tare da tsayawa ba, sai tarin dare ya biyo baya. A kowane ɗaya daga waɗannan matakai, da akwai ma'aikacin lafiyar da ya san Baba, ya san nauyinsa na yau da kullum, ya kuma gan shi a ranar, da ƙarin ƙwayar maganin fitsari (mai sa yawan fitsari domin fitar da ruwan da ya taru a jiki) na kwana uku da rage gishiri sun isa su mayar da shi daidai. Masana tsarin kiwon lafiya sun ware rukunin cututtukan da kulawa mai kyau a matakin farko take hana su kai mutum ga gado, kuma raunin zuciya, ciwon suga, hawan jini, asma, ciwon huhu, cutar hanyar fitsari da ƙarewar ruwan jiki duk suna cikin rukunin. Da yawan kwanciyar da ake yi saboda waɗannan cututtuka ne ake auna ingancin ƙananan asibitocin ƙasa.

Abin da ka lura da shi na raguwar ƙarfinsa bayan kowace sallama gaskiya ne, kuma yana da dalili. Tsoho ba ya jure zaman gado kamar yaro. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da dattawa masu ƙoshin lafiya na kwana goma kacal, aka tarar naman ƙafafunsu ya ragu da kusan kilo guda. Waɗannan lafiyayyu ne, to ina ga wanda ciwo ya kwantar, ba ya cin abinci, an sa masa robar fitsari, fitila na kunne a kansa dare da rana? Daga nan ne ruɗewa take shigowa, da gyambon kwanciya, da ƙwayoyin cutar da ake ɗauka a cikin asibitin kansa. Mutum ya shiga da ƙafarsa, ya fito ana riƙe da shi zuwa bayan gida, kuma wannan raunin ne yake share fagen kwanciya ta gaba. Saboda haka hana kwanciya ɗaya ba kuɗin gado kaɗai yake tsare muku ba, ƙafafun Baba yake tsarewa.

Maganar da nake so ka riƙe ita ce, Baba ya fi buƙatar mutum ɗaya da zai san shi shekara da shekaru fiye da ƙarin manyan likitoci. A babban asibiti, yau wannan likita ne zai gan shi, bayan wata uku wani daban, kowa yana da minti kaɗan da dogon layi a bayan ƙofa, kowa kuma yana duban ɓangaren da ya shafe shi: na zuciya ya dubi zuciya, na suga ya dubi suga. Ba laifinsu ba ne, haka aikin yake, amma babu wanda aka ɗora wa Baba gaba ɗayansa. A Norway an bi bayanan mutum kusan miliyan huɗu da rabi, aka ga waɗanda suka shafe fiye da shekara 15 da likitan iyali ɗaya sun fi waɗanda suka yi shekara ɗaya da nasu ƙarancin kwanciyar gaggawa da mutuwa da kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. A Ingila ma wani bincike na 2017 a kan mutane masu shekara 62 zuwa 82 ya nuna cewa waɗanda suka fi yawan ganin likita ɗaya sun fi ƙarancin irin kwanciyar da ake iya kauce wa. Akwai kuma darasi a cikin abin da Ingilar ta yi a 2014, lokacin da ta wajabta a rubuta wa duk mai shekara 75 zuwa sama sunan likitan da ke da alhakinsa. Da aka bibiya, sai aka ga rubuta sunan kaɗai bai canza yawan ganin likitan ba. Sanayya ce take aiki, ita kuwa sai da zuwa da dawowa take ƙulluwa.

Ƙasar da na fi so mu kalla ita ce Brazil, domin ita ma tana da talakawa da yawa da garuruwa masu nisa. Tun 1994 ta fara shirin lafiyar iyali, inda ake haɗa likita ɗaya, nas ɗaya, mataimakin nas da ma'aikatan sa-ido 'yan unguwa huɗu zuwa shida, a damƙa musu mutane wajen dubu uku zuwa huɗu. Kowane ma'aikacin unguwa yana da gidajensa da yake leƙawa duk wata, ko an kira shi ko ba a kira shi ba. Shi ne yake ganin tsohuwar da maganinta ya ƙare tun makon jiya, da dattijon da ƙafarsa ta fara kumbura. Yayin da shirin ya bazu, kwanciyar asibiti saboda irin cututtukan da na ambata ta ragu a yankunan da ya kai.

Mu a Nijeriya, an gina ƙananan asibitocinmu ne a kan awon ciki, haihuwa, rigakafin yara da zazzaɓin cizon sauro, kuma tun kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992 nan ne akasarin ƙarfi da kuɗi suka tafi. Dalilin yin haka a fili yake, amma sakamakonsa shi ne dattijo ya shiga asibitin unguwa ya ji kamar ba dominsa aka gina shi ba. Ba zan ɓoye maka ba, wasu wuraren za ka je ka tarar ma'aunin hawan jini ya lalace, ko babu tsinken awon suga, ko magani ya yanke. Duk da haka abubuwa sun fara motsawa. A 2020 an fara shirin daƙile hawan jini a ƙananan asibitoci na jihohin Kano da Ogun, inda aka horar da malaman asibiti su bi tsari guda mai sauƙi: a fara da amlodipine, in jinin bai sauka ba a ƙara losartan, a ci gaba mataki-mataki, a riƙa rubuta awon kowane zuwa. Wannan ya nuna cewa malamin asibitin unguwa, in an ba shi ka'ida da kayan aiki, yana iya riƙe hawan jini yadda ya kamata.

Don haka shawarata ita ce ku raba aikin kashi biyu. Likitan zuciya na babban asibiti ya ci gaba da ganin Baba sau biyu ko uku a shekara, shi ne zai tsara magani ya kuma sa a yi gwajin ƙoda da hoton zuciya. Amma awon kowane mako biyu ko kowane wata, da duban ƙafa, da kiran waya idan wani abu ya canza, ku ɗora su a kan mutum ɗaya na kusa da gida, ko babban jami'in asibitin unguwarku, ko nas, ko likitan iyali idan kuna da halin haka. Ka je da kanka ka gabatar masa da Baba tun yana cikin sauƙi, ka karɓi lambar wayarsa, ka roƙi likitan zuciya ya rubuta masa a takarda abin da zai yi idan nauyi ya hau ko jini ya sauka, da iyakar da in an kai ta sai a turo Baba babban asibiti.

Zuwan farko kuwa, ku tattara duk abin da Baba yake sha ku zuba a leda guda ku tafi da shi. Ina nufin duka: na asibiti, na kemis, haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a 'yar takarda, jiƙo, sassaƙe, garin da wani aboki ya kawo daga tafiya, har da maganin tarin da jika ya saya. A wannan leda na fi samun dalilin kwanciyar tsofaffi fiye da ko'ina. Na taɓa duba wata dattijuwa da aka sha kawowa da jiri da faɗuwa, da muka zazzage ledarta sai ga amlodipine kala biyu daga kamfanoni biyu, kwalayen ba su yi kama ba, tana shan kowanne a matsayin magani daban tsawon watanni. Aka cire ɗaya, jirin ya tafi, faɗuwar ta tsaya.

Ga mutum irin Baba, magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam su ne abin tsoro na farko. Suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga hawan jini, suna taɓa ƙoda, suna kuma huda ciki har a yi aman jini ko baƙin bayan gida. Tsoho mai ciwon gwiwa zai sha su mako biyu a jere ba tare da ya ɗauke su a matsayin abin da za a gaya wa likita ba, sai ga shi a gado da kumburi. Paracetamol ya fi masa aminci. Haɗin kemis kuma sau da yawa yana ɗauke da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda suke sa mutum ya ji daɗin jikinsa na ɗan lokaci alhali suna harba suga sama. A ɓangaren suga, idan ka ga glibenclamide a ledarsa ka tambayi likita a kansa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, saboda yana jefa suga ƙasa ya kuma daɗe a jiki. Tsohon da awon sugansa ya faɗi ƙasa da 70 (a ma'aunin mg/dL) yana iya yin gumi, ya rikice, ya suma, a ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. A shekarun Baba, saukar suga fiye da kima ta fi ɗan hawansa haɗari nan take, shi ya sa ba ma matsa wa dattijo lamba a kan awo kamar yadda muke matsa wa ɗan shekara arba'in. Magungunan barci irin su diazepam da na mura masu sa gyangyaɗi su ma suna jawo faɗuwa, kuma ga namiji mai kumburin mafitsara (wato prostate) suna iya ɗaure fitsari gaba ɗaya. Kada ku dakatar da komai da kanku, amma ku sa a bi su ɗaya bayan ɗaya a tambayi amfanin kowanne a yau.

A gida, abu uku nake so ku mallaka: sikelin awon nauyi, ma'aunin hawan jini na dantse mai batir, da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace safiya, bayan ya yi fitsari kafin karin kumallo, Baba ya hau sikeli a rubuta. Idan nauyinsa ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku, wannan ruwa ne ba ƙiba ba, kuma ranar ce ranar kiran malamin asibiti, ba sai haki ya zo ba. Hawan jini a auna shi sau biyu ko uku a mako yana zaune ya huta, abin da ake nema ga yawancin mutane shi ne ƙasa da 140 bisa 90, amma lokaci-lokaci a sake aunawa bayan ya miƙe tsaye, domin idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, maganin ya yi masa yawa ko ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Littafin nan shi zai riƙa bin Baba duk inda ya je, kuma a gidan da ake karɓa-karɓar jinya tsakanin 'ya'ya da surukai, a sa mutum ɗaya ya zama mai riƙe da shi da kuma ba da magani. Na sha ganin gidan da kowa yana ƙaunar tsohon, amma kowa yana zaton ɗan'uwansa ya ba shi maganin safe.

Gishiri kuma ba na cikin gwangwani kaɗai ba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram biyar a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen magi, yajin tsire, kilishi da taliyar 'yan yara duk cike suke da shi. A ɗebar wa Baba miyarsa kafin a zuba, a ƙara masa daddawa, albasa, citta da tafarnuwa domin kada abincin ya yi lami ya ƙi ci, tunda ƙin cin abinci ma wata hanyar ce ta zuwa gado.

Shekarar ma tana da lokutan da na san ɗakunan tsofaffi za su cika. A bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, tsoho ba ya jin ƙishi yadda yaro yake ji, ga maganin fitsari yana ƙara zubar masa da ruwa, sai ƙoda ta samu matsala. A nan ne ake buƙatar wanda ya san shi ya daidaita yawan ruwan da zai sha da yawan maganin, domin mai raunin zuciya ba a ce masa ya yi ta shan ruwa ba iyaka. Haka idan amai ko gudawa suka kama shi, a kira a ranar, saboda akwai magunguna irin su metformin, losartan da maganin fitsari da akan ɗage na kwana ɗaya ko biyu har ya koma ci da sha. A hunturu ƙura da hayaƙin gawayin ɗumama ɗaki suna tayar da tari da ciwon huhu, kuma duk tarin da ya kai mako biyu a kai majina a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Azumi kuwa a fara maganarsa wata guda kafin Ramadan. Mai ciwon suga da raunin zuciya a shekara 76 yana cikin waɗanda azumi yake da haɗari a gare su, kuma shari'a ta yi wa tsoho mai rauni sauƙin ciyarwa. Na san dattawanmu ba sa son jin wannan daga bakin 'ya'yansu, shi ya sa nakan nemi a haɗa da malamin da suke jin maganarsa. Idan ya dage sai ya yi, a canza masa lokutan magani, a riƙa auna suga da rana, ya kuma amince zai karya idan ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300.

Akwai alama ɗaya da iyalai suke yawan fassara ta ba daidai ba. Dattijon da jiya yake cikin hayyacinsa, yau ya tashi yana sambatu, ko ya kasa gane jikokinsa, ko ya yini yana barci, sai a ce tsufa ne ya zo, ko a fara neman mai ruƙiyya. Ruwa ba ya tsami banza. Ruɗewar tsufa a hankali take zuwa cikin watanni da shekaru, wadda ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa kusan kullum ciwo ne a jiki: cutar fitsari, ciwon huhu, saukar suga, ɗaurewar fitsari ko bayan gida, ko sabon magani. Tsoho yana iya ɗauke da ciwon huhu jikinsa bai yi zafi ba. A yi addu'a, amma a auna shi a ranar.

Faɗuwa ita ma a ɗauke ta da muhimmanci, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka haura shekara 65 suna faɗuwa a kowace shekara, kuma karayar ƙugu tana cikin abubuwan da tsoho ba ya cika tashi daga gare su ba. Ka zagaya gidan da idonka: dokin ƙofa mai tudu, santsin wurin alwala, gefen tabarmar da ya naɗe, duhun hanyar bayan gida da dare. A sa ƙarfen riƙewa a bango, a sama masa kujerar bayan gida, a ajiye tocila kusa da matashinsa, a duba idonsa ko akwai yana, tunda aikin cire ta gajere ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar kula da tsofaffi a matakin farko a 2019, kuma a ciki akwai gwajin da za ka iya yi a tsakar gida: Baba ya tashi daga kujera ya zauna sau biyar ba tare da dafa komai ba, idan ya wuce daƙiƙa 14 ƙafafunsa suna neman motsa jiki. Kada tausayi ya sa ku hana shi tafiya masallaci ko zaman majalisa, ku dai haɗa shi da sanda da ɗan rakiya.

Game da kuɗi, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. Ka tambaya a asibitin mazaɓarku da ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku ko ana rajistar dattawa, domin guraben suna da iyaka. Ko ba a samu ba, ku 'ya'yansa ku ware kuɗin magani na wata-wata kafin komai, ku kuma sayi na gaba tun saura mako guda, saboda yankewar magani na kwana goma tana cikin manyan dalilan da suke mayar da mai raunin zuciya gado.

Idan an sake sallamarsa, makon farko shi ne mafi haɗari. Kada ku bar asibiti sai da takardar da ta faɗi abin da aka samu, maganin da aka ƙara, wanda aka cire da nauyinsa na ranar sallama. Ku fitar da tsofaffin magunguna daga ɗakinsa domin kada a haɗa su da sababbi, kuma cikin kwana bakwai mutumin nan na kusa da gida ya gan shi, ya auna shi, a kuma maimaita gwajin ƙoda idan an canza maganin fitsari ko na hawan jini.

Duk wannan ba yana nufin a guji asibiti idan lokacinsa ya yi ba. Idan bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, ko ƙirjinsa ya riƙe da ciwo mai nauyi, ko yana haki alhali yana zaune bai yi komai ba, ko ya yi aman jini, ko fitsari ya ƙi fita tsawon yini, ko ya faɗi ya kasa taka ƙafa, to kada ku tsaya a asibitin unguwa kuma kada ku jira gari ya waye. Ku ɗauki littafin da ledar maganin ku wuce babban asibiti kai tsaye.